Kawuna tsohon sojan ruwa ya rasu, an ce ni zan rubuta tarihinsa

Autar_Mama:
Salamu alaikum jama'a. Kawuna ƙanin mamana Allah ya yi masa rasuwa sati biyu da suka wuce, 'yan uwa sun ce ni zan rubuta ɗan tarihinsa tunda ni na fi kowa zama da shi. Matsalar ita ce kowa soja kawai ya sani, hotonsa da farin kaki shi ne a falo, alhali shekarun da ya yi bayan ya ajiye kaki yana aikin kare muhalli a tashar jiragen ruwa sun fi na sojan yawa, kuma wlh ba wanda zai iya ce maka ga abin da yake yi a can. Da muna kwashe kayansa na tarar da littattafan rubutunsa, kusan kowane shafi akwai MARPOL da 15 ppm da sunayen jirage, wasu ya ja musu layi da jan biro. Dan Allah wanda ya san harkar ya warware min, ba na so in rubuta "ya yi aiki tuƙuru" kawai in wuce, kawu ya fi ƙarfin haka a wurina.

Tsohon_injiniya:
Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. 'Yata, daga bayaninki kawunki mai duba jirage ne, irinsu ne suke hawo mana jirgi idan mun tsaya a tasha, ni na yi shekaru a ɗakin inji na sha haɗuwa da su. MARPOL yarjejeniya ce ta duniya ta hana jirage gurɓata teku, an ƙulla ta a 1973 aka yi mata gyara a 1978, sai a 1983 ta fara aiki. Abin da ya zaburar da mutane shi ne tankar Torrey Canyon, wato jirgin dakon mai, da ta daki dutse a gaɓar Ingila a 1967 ta zubar da ɗanyen mai sama da tan dubu 100.

Ita kuma 15 ppm ɗin nan, ai ita ce ke hana mu barci. A can ƙasan ɗakin inji ruwa yana taruwa haɗe da mai da giris, dole sai ya bi ta na'urar da ke raba mai da ruwa kafin a zubar, kuma man da ya saura kada ya wuce kashi 15 cikin miliyan. Duk digon man da aka juya daga wannan tanki zuwa wancan sai an rubuta a littafi an sa hannu. To wasu marasa tsoron Allah sai su haɗa bututun ɓoye su zagaye na'urar cikin dare a tsakiyar teku, littafi kuma ya nuna komai lafiya lau. Mai dubawa na ƙwarai ba littafin kaɗai yake karantawa ba, zai tsuguna ya ga ko fentin notunan bututu ya goge, alamar ana kwance su ke nan. Wanda ya yi sojan ruwa kuwa ba a yi masa wannan wayon, ya san cikin jirgi kamar yunwar cikinsa.

Bawan_Allah77:
Allah ya gafarta masa. Baba injiniya ya gama magana gsky, abu ɗaya zan ƙara. Jiragen yaƙi fa ita yarjejeniyar ba ta tilasta musu ba, an dai ce ƙasashensu su yi ƙoƙarin bi daidai gwargwado, shi ya sa abin ya burge ni, mutum ya fito daga inda dokar ba ta ɗaure shi ba ya koma shi ne mai tsaye a kanta. Kuma idan ya yi aiki wajajen 1989 ki duba ko ya ambaci Exxon Valdez, tankar da ta hau dutse a Alaska ta malalar da mai kusan galan miliyan 11, bayanta ne Amurka ta yi doka a 1990 cewa jiragen dakon mai su zama masu bango biyu, in na waje ya ɓule na ciki ya riƙe. Duk mai wannan aikin a lokacin sai da abin ya taɓa shi.

Yaya_Babba:
Ƙanwata sannu da haƙuri. Ni ban san komai a kan jirgi ba amma na taɓa rubuta irin wannan da mahaifinmu ya rasu, na cika shi da muƙamai da shekaru, har yau abin yana damuna don wanda ya karanta ba zai ji kamar ya san shi ba. Ki nemi ko mutum ɗaya da suka yi aiki tare ya ba ki labarin rana ɗaya tak a bakin aiki. Littattafan nan kuma kar ki bari a haɗa su da tarkace a zubar, ki ɗauki hoton shafukan tun yanzu.

Autar_Mama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba injiniya sai da na yi hawaye da na karanta maganar notunan nan, don kawu ko famfon gida aka gyara sai ya tsuguna ya shafa da yatsa ya sunsuna, mu kuma mu yi ta yi masa dariya. Akwai lambar wani abokin aikinsa a bangon littafi ɗaya, gobe in Allah ya kai mu zan kira shi, zan tambaye shi jiragen da aka ja wa jan layin nan me ya faru da su.