Ta ina ɗalibin lauya zai fara aikin sa kai tun yana makaranta?

Ummu_Aji3:
Assalamu alaikum. Don Allah manyanmu lauyoyi da ke nan ina neman shawara. Ina aji uku a tsangayar shari'a, kullum malamai suna ce mana digiri kaɗai ba ya isa, sai mutum ya yi aikin sa kai ko ya samu feloshif, wato tallafin zuwa horo ko ƙarin karatu, amma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga ta inda ake farawa, ni kuma gidanmu ba lauya ko ɗaya balle in ce zan bi wani cemba, wato ofishin lauya, lokacin hutu. Shin wanda bai sa hular lauya ba zai iya taimaka wa mutane kyauta ko doka ta hana? Sannan waɗannan feloshif na waje da ake ta turowa a WhatsApp akwai wanda ya dace da irinmu?

Barista_SabonGari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba za ki iya tsayawa gaban alƙali ki kare wani ba sai kin gama makarantar lauyoyi an rantsar da ke, wannan doka ce. Amma wallahi kare mutum a kotu ƙaramin ɓangare ne na aikin, mafi yawansa bin fayil ne da zama da mutum a saurari labarinsa, kuma wannan ɗalibi yana yi a ƙarƙashin lauya.

Ki fara da kilinik ɗin shari'a na tsangayarku, wato inda ɗalibai ke taimaka wa marasa hali kan shari'a kyauta a ƙarƙashin lauya. Tun 2003 aka kafa NULAI, ƙungiyar cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i, don ta yaɗa waɗannan kilinik a jami'o'i, na Maiduguri yana cikin na farko-farko, yanzu ABU da BUK duk suna da shi. Babban aikinsu gidan yari ne, saboda kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Yadda abin yake faruwa shi ne ɗan sanda zai kai mutum gaban majistare da tuhumar da majistaren ba shi da hurumin saurara, kamar fashi ko kisa, sai a ce a tsare shi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, to daga nan kes dayari, wato fayil ɗin binciken ƴan sanda, ya maƙale tsakanin caji ofis da ma'aikata, a canza wa mai binciken wurin aiki, shi kenan mutum ya shekara da shekaru ba wanda ya san da shi.

Akwai wani yaro mai gyaran babur da ɗalibai suka kawo min zancensa. Sun same shi zaune a bakin ɗaki, ya ciro wata guntuwar takarda da ya naɗe a ledar fiya wata, lambar ƙararsa ce a jiki duk ta koɗe, ita kaɗai ya mallaka. Da ita suka yi ta zarya rajistirin kotu har suka gano ashe tuni shawara ta fito cewa ba shi da tuhumar amsawa, takardar ce ba ta isa kotu ba. Ni dai na tashi na yi magana gaban alƙali, amma yaran ne suka fitar da shi.

Ki karanta ACJA ta 2015, dokar tarayya kan gudanar da shari'ar laifuka, sosai, musamman sashe na 293 zuwa 296 kan tsarewa, da sashe na 34 da ya ce majistare ya riƙa leƙa caji ofis duk wata. Kano ta yi tata a 2019, Kaduna a 2017, ki duba ta jiharku.

Sadiq500L:
Ranka ya daɗe Barista gaskiya ka faɗa amma a faɗa mata ɗaya gefen ma. Aikin nan yana cin kuɗin mota kuma yana cin lokaci, ba kullum kilinik ke da kuɗin kai mutane ba, wani lokacin daga aljihunka za ka hau adaidaita ka je kotu a ce maka magatakarda bai zo ba ka dawo gobe, ga tes yana jiranka. Na ga waɗanda suka zurma har makinsu ya faɗi kuma makarantar lauyoyi ba ruwanta da wannan. Ummu ki ɗauki fayil ɗaya ko biyu ki bi su har ƙarshe, ya fi ki karɓi goma ki watsar, don mutumin da ke ciki ya riga ya sa rai.

Lokacin hutu kuma ki rubuta takarda ki kai ofishin Legal Aid Council, hukumar ba marasa hali lauya kyauta, na jiharku da kanki, tun 1976 hukumar take kuma lauyoyinta ba su kai yawan aikin ba, hannu suke nema.

AntiLauya:
Ƴata sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ki nemi reshen FIDA na jiharku, ƙungiyar mata lauyoyi, da WRAPA mai kare haƙƙin mata, nan za ki ga shari'ar da ta fi shafar gidajenmu, ciyarwa, riƙon ƴaƴa bayan saki, gadon marayu, fyaɗe. Kuma ki sani Hausar bakinki da fiƙihun da kika karanta babban jari ne, mace za ta zo ba za ta iya buɗe wa lauya namiji cikinta ba amma ke za ta gaya miki komai. Mata da yawa har yau ba su san doka ta ba su damar tsaya wa mutum beli ba, kuma ba su san haramun ne a kama uwa ko mata a madadin wanda ake nema ba, ke ce za ki faɗa musu da yaren da suke ji.

Abu biyu nake roƙonki. Kada ki taɓa ce wa wanda ke tsare "zan fitar da kai", ki ce za ki bi maganarsa, don ba a hannunki hukunci yake ba. Na biyu sirrin mutane, ban yarda da abin da wasu yaran ke yi ba na ɗaukar hoto da mai ƙara a sa a Facebook don a ga suna aiki, wannan cin amana ne ko da niyyar kirki aka yi.

Ummu_Aji3:
Na gode Anti, na gode Barista da Yaya Sadiq, Allah ya saka da alheri. Maganar feloshif ɗin fa?

Barista_SabonGari:
Yawancinsu ba na ɗan aji uku ba ne. Mandela Washington na Amurka daga shekara 25 zuwa 35 suka saba ɗauka, Chevening na Ingila sai kin gama digiri kin yi aikin shekara biyu, digiri na biyu kan haƙƙin ɗan adam na Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu shi ma sai da digirin farko a hannu. Wanda za ki iya shiga yanzu shi ne gasar kotun gwaji, akwai ta haƙƙin ɗan adam ta Afirka da ita Pretoria ɗin ke shiryawa duk shekara, akwai Jessup ta dokar ƙasa da ƙasa, ta tsangaya ake tura tawaga don haka ki tambayi malamin da ke riƙe da ita. Duk waɗancan manyan in lokaci ya yi tambayar da za su miki ita ce me kika yi wa al'ummarki, to ki samu littafi tun yau ki riƙa rubuta kowane fayil, ranar da kika karɓa da abin da kika yi da yadda ya ƙare, ba tare da sunan mutum ba. Duk wanda kuma ya ce ki turo kuɗin fom na Mandela ko Chevening ɗan damfara ne, neman su kyauta ne a shafinsu.

Sadiq500L:
Ummu galibi farkon zango kilinik ke ɗaukar sababbi, ki je ofishinsu da wuri ki ba da sunanki kafin a cike, ki tafi da katin makaranta don sai da shi ake haɗa takardar izinin shiga gidan yari.