Gwaiduwar ƙwai da ciwon numfashi: abin da aka tsayar a Gusau

Masu kiwon kaji a Gusau sun yi ta muhawara da hunturun bana kan ko gwaiduwar ƙwai na maganin ciwon numfashi. Ga inda aka tsaya.

In aka yi wa kaza rigakafin wata cuta, jikinta kan haɗa sinadarin kariya mai suna IgY, ta zuba shi cikin gwaiduwa. Masana ne ke tace shi, har an gwada ɗiga shi a hanci a Ostareliya lokacin korona, amma har yanzu bincike ake yi.

Masu cewa a kwankwaɗi ɗanyen ƙwai, ba haka abin yake ba. Kazar gida ba a yi mata wannan allurar ba, ga kuma haɗarin gudawa. Yaron da numfashinsa ke sauri, a garzaya da shi asibiti.