Kyamarar da ke nuna zafin jikin jariri, wai da gaske tana aiki?

Baban Walida:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Jiya na ga wani bidiyo a Facebook an haska jariri da wata kyamara ana haihuwarsa, hoton ya fito kala-kala, ƙirjinsa jawur ƙafafu kuma shuɗi, wai da haka ake gane ko yana lafiya ba sai an taɓa shi ba. Madam ɗina watanta ya kama, lissafin asibiti tsakiyar Janairu ne ga shi kun san hunturun Gombe da asuba, kuma ta farinmu bakwaini ce sai da ta yi kwanaki a kwalba saboda sanyi ya kama ta, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Irin na'urar da aka riƙa saita mana a goshi lokacin korona ce? Ba ta da illa irin ta hoton ƙashi? Na ga ana sayar da ƙarama wadda ake maƙalawa a waya, in saya ne?

Mai Sola Jekadafari:
Wslm. Ni ba likita ba ne amma ina da ƙaramar, FLIR One, da ita nake duba wayar wutar da ta ɗau zafi a inbatar sola. Maganar illa kam cire ta a ranka, ba ta harba komai a jiki, ɗumin da fata ke fitarwa take karɓa ta mayar hoto. Da ita da ta korona dangi ne, waccan wuri ɗaya take aunawa ita kuma duk jiki lokaci guda. Amma fa fata kawai take gani, ba ta ganin ciki, kuma abu in yana jiƙe sai ta nuna maka ya fi sanyi, jariri kuwa a jiƙe yake fitowa. Ko ta bayan gilashi ba ta gani, haka murfin kwalbar jarirai zai tare ta. Kalar ma kar ta ruɗe ka, ita ke raba kala da kanta gwargwadon abin da ke gabanta, shuɗi ba ya nufin ciwo, wurin ya fi na kusa da shi sanyi ne kawai.

Anti Nas:
Baban Walida Allah ya sauke ta lafiya. Ina aiki a ɗakin haihuwa, bari in ɗan yi tsawo. Abin da muke fara yi in yaro ya faɗo ba ya buƙatar kyamara, ana goge shi da busasshen zani a yar da jiƙaƙƙen, a duba ya yi kuka, yana numfashi, sannan a ba shi makin Apgar a minti 1 da minti 5, wato bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, motsi in an taɓa shi da launin fata, wata likita ce a Amurka Virginia Apgar ta tsara shi tun 1952 kuma har yau da shi ake aiki ko'ina.

Zafin jiki kuma a hammata muke aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daidai shi ne digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Celsius, in ya sauka 36.0 zuwa 36.4 sanyi ya fara shigarsa, ƙasa da 36 a tashi tsaye, ƙasa da 32 kuwa abin ya yi tsanani. Jariri ba ya rawar ɗari kamar ni da kai, wani kitse ne a bayan wuyansa da tsakanin kafaɗu yake ƙonawa ya samu ɗumi, bakwaini kuma nasa kaɗan ne, shi ya sa taka ta wahala.

Inda kyamarar ta burge ni gaskiya shi ne tana nuna bambancin ciki da tafin ƙafa a kallo ɗaya, in ciki na da ɗumi ƙafa ta yi sanyi sosai to jiki ya fara janye jini daga gefe, ko sanyi ne ko wani lokaci alamar cuta ta shiga jini. Har numfashi masu bincike suna ƙirgawa da ita ta ɗumin iskar hanci ba tare da an manna wa yaro waya ba, ga fatar bakwaini kamar takarda, wannan abu ne mai kyau. Amma har yanzu a matakin bincike take, ba a ajiye tamomita, wato ma'aunin zafin jiki, saboda ita ba. Kuma wlh wannan gwajin na ciki da ƙafa bayan hannunka ma zai yi maka shi kyauta. Kuɗin kyamarar ka sayi tamomita ta lamba a kemis, hula, safa da zannuwa masu kauri, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su tare, ya kama nono cikin awa ta farko, a kashe fanka, wanka kuma sai bayan awa 24.

Maman Yan Biyu:
Anti Nas duk na yarda amma wannan na wankan fa, tab. A gidanmu a Bauchi ana dawowa daga asibiti ruwa na kan wuta, tsofaffi cewa suke in ba a wanke shi tas ranar ba ƙarni zai bi shi har girma, wa zai iya fuskantar kakar yaro da maganar awa 24 kuma.

Anti Nas:
Haha na san wannan rigimar, ni ma surukata sai da muka yi. Farin maiƙon da suke ƙyama ɗin kariya ne ga fatarsa, da kansa yake shigewa. In sun matsa a goge jini da tsumma mai ɗumi a cikin ɗaki a rufe, amma kar a fito da shi tsakar gida da asuba ana zuba masa ruwa iska na kaɗawa.

Baban Walida:
Na gode sosai Allah ya saka. Na fasa sayen kyamarar, amma Mai Sola in ba damuwa zan zo ka haska min hannuna in ga abin da idona. Anti Nas saura Hajiyarmu, ita ce mai wankan, ko zan kawo ta ranar awo ki yi mata bayani da bakinki, don ni in na faɗa cewa za ta yi boko ya ɓata ni.