Gwamnati ce ta ceci kiɗan gargajiyar Romaniya, ko ita ta ɓata shi?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Ba don manyan ƙungiyoyin makaɗa da gwamnatin kwaminis ta kafa bayan yaƙin duniya na biyu ba, da kiɗan ƙauyukan Romaniya ya bi ruwa. Kamfanin Electrecord ya buga fayafayai, rediyo ya yaɗa, makaɗi ya samu albashi.

Hajiya Rabi: Malam, adanawa ai ta riga gwamnatin nan. Béla Bartók, masanin kiɗa ɗan Hangari, ya fara naɗar waƙoƙin yankin Bihor a 1909, ya je yankin Maramureș a 1913, Constantin Brăiloiu, masanin kiɗa ɗan Romaniya, kuma ya buɗe taskarsa ta waƙoƙin gargajiya a Bukares a 1928. Abin da ƙungiyoyin suka yi gyaran gangar auzinawa ne. Ɗauki doina: mutum ɗaya ke rera ta, ba ta da taki, yana ja yana saki gwargwadon numfashinsa, yana karya murya inda ya ga dama. Ka tara makaɗa arba'in, ka tsayar da madugu da sanda, dole a ƙirga bugu don kowa ya shigo tare. Da an ƙirga, doina ta tafi.

Iliya: Yaya Rabi ta taɓo wurin. A filayen tsakiyar Tiransilbaniya mutum uku ne ke ɗaukar biki: mai goge, mai contră, da mai babban goge na tsaye. Ita contră, wani goge ne na rakiya, tsirkiya uku gare ta, jakinta kuma a shafe yake, ba mai doro ba, don baka ya kama ukun a ja guda. Mai ita yakan karkata ta a ƙirji, yana ja da nauyi, yana bin ƙafar masu rawa. Rawar învârtita tana da ɗan ɗingishi, wani bugun ya fi wani tsawo kaɗan, kuma ba ya rubutuwa daidai a takarda. Ka ba ɗan makaranta goge mai jaki na doro da takarda a gabansa, zai miƙar da ɗingishin, manomi ya kasa juya abokiyar rawarsa a kai.

Malam Sani: To nai fa, sarewar nan mai jeren bututu kusan ashirin? Masu busa ta sun kusa ƙarewa kafin a ba Fănică Luca aji ya koyar. Daga hannunsa Gheorghe Zamfir, shahararren mai busa nai, ya fito. Cobza ma, molon nan mai gajeren wuya, țambal, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake bugawa da 'yan sanduna, ne ya ture ta tun kafin kwaminis, ƙungiyoyin suka riƙe ta.

Hajiya Rabi: Nai na ba ka, ban da ja. Amma ƙasa ba kaya ɗaya ba ce. A yankin Oaș suna ɗaure tsirkiyar goge sama da ƙa'ida har ta riƙa tsuwwa, don ta kai ƙarar țâpurit, kirarin da ake kwarmatawa da siririyar murya. A Maramureș zongoră ce ke rakiya, jita da aka rage wa tsirkiya, da ganga. A Bihor goge ne mai ƙahon ƙarfe. Sanya su duka a ma'auni ɗaya, kowa ya koma kama da kowa, kuma abin da gasar Cântarea României ta yi ta yi ke nan daga 1976.

Bashir: Kun bar masu sana'ar a baya. Yawancin lăutari, makaɗan gado, 'yan ƙabilar Roma ne (ba mutanen birnin Rum ba), waɗanda ba a 'yanta su daga bauta ba sai 1855 a Moldabiya, 1856 a Walakiya, masarautun da suka haɗu suka zama Romaniya. Biki da liƙi ne suka riƙe kiɗansu. Ku duba ƙauyen Clejani, kudu da Bukares. Mai gogensu marigayi Nicolae Neacșu yakan ɗaura silin izga ɗaya a tsirkiya, ya riƙa jan sa tsakanin yatsu, goge ya yi gurnani kamar ƙyaure mai tsatsa. Wane madugu ne zai yarda da wannan?

Malam Sani: Ɗan'uwa, su ma 'yan Clejani da faifansu ya fita a Beljiyam a 1991 da sunan Taraf de Haïdouks, an jera su sun haura goma a dandamali, sun ƙara gudu don Turawa masu zama kan kujera. In sandar madugu ɓarna ce, tikitin Turai fa?

Iliya: Gudun kam ya ƙaru, Malam, amma ba wanda ya miƙa musu takarda. Mai goge na gaba ne har yanzu ke juya kari da ido, mai țambal ya bi.