"Rigakafi ya fi magani": shin karin maganar ta halatta a riga azzalumi kai hari?

Malamin Ƙauye, Ringim:
Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar Isha'i muna zaune a dandali, hira ta kai mu ga yaƙin Iraƙi, sai wani matashi ya ce Amurka ba ta yi laifi ba da ta afka wa Saddam Husaini a watan Maris na 2003, domin ai rigakafi ya fi magani. Maganar ta tsaya mini a rai har na kwana da ita. A sanina, magabata sun faɗi wannan karin magana ne a kan abin da mutum zai yi wa kansa da gidansa: ya yi wa shanunsa allura, ya liƙe rumbunsa kafin damina, ya tuge ƙuduji a gonar gero tun bai zubar da iri ba. A dukkan waɗannan, wahalar tana kan mai yin rigakafin ne, kuma babu jinin kowa a ciki. Ina neman masana su warware mini, shin ya dace a ɗauki wannan magana a ɗora ta a kan yaƙi?

Ɗan Bichi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin yaron bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma misalin ƙudujin da ka kawo ma yana goyon bayansa, tunda ba a jiran ciyawa ta cinye gona kafin a tuge ta. Saddam ba mutumin da ake zargi ba ne kawai, mutum ne da aka ga aikinsa. Ya yaƙi Iran daga 1980 zuwa 1988, ya zuba wa Kurdawan garin Halabja iskar guba a 1988 inda dubban mutane suka mutu, yawancinsu fararen hula, sannan ya mamaye Kuwaiti a 1990. Haka kuma tarihi ya nuna cewa a 1938 Birtaniya da Faransa sun lallashi Hitila ta hanyar sallama masa wani yanki na Cekoslobakiya, amma shekara guda bayan haka ya afka wa Polan, duniya ta kama da wuta. Ashe ba icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?

Baffan Maigatari:
Ɗana na Bichi, karin maganar icce ta tarbiyyar yara ce, kuma tanƙwarawa aka ce, ba a ce sarewa ba. Ka kuma lura cewa ƙudujin da Malam yake tugewa a gonarsa yake, da idonsa kuma ya gan shi. Ba ya shiga gonar maƙwabci ya cinna mata wuta saboda yana zaton akwai ƙuduji a ƙarƙashin ƙasa.

Ɗalibar Shari'a, Gumel:
Iyayena, ina roƙon izini in ƙara bayani a kan abin da Baffa ya faɗa, domin a nan ne gardamar take. Akwai bambanci tsakanin mutumin da ya ɗana kibiya ya auna ka, da mutumin da kake tsoron wata rana zai je kasuwa ya sayi baka. Na farkon, masana da dama sun yarda cewa ba dole ba ne ka tsaya sai kibiyar ta same ka, ko da yake sashe na 51 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ambaci kare kai ne idan an kawo wa ƙasa hari. Na biyun kuwa shi ne abin da ya faru a Iraƙi. Hujjar da aka gabatar ita ce Saddam yana ɓoye da makaman ƙare dangi, kuma Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar ranar 5 ga Fabrairu 2003 ya nuna hotuna, alhali masu binciken makamai na Majalisar ƙarƙashin Hans Blix suna cikin ƙasar suna neman a ba su ƙarin lokaci. Ba a jira su ba, Kwamitin bai ba da izinin yaƙi ba, kuma bayan an shiga ƙasar ba a samu tarin makaman da aka ce akwai ba. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar na lokacin, da kansa ya faɗa a 2004 cewa yaƙin ya saɓa wa yarjejeniyar Majalisar. Idan an kira wannan rigakafi, to, rigakafi ne na cutar da ba a tabbatar da ita ba.

Ɗan Bichi:
Malama, na karɓi wannan gyara a kan makaman. Sai dai zaluncinsa a kan mutanensa gaskiya ne, kuma ina jin nauyin a ce wa wanda aka kashe masa dangi ya yi haƙuri. Tanzaniya ta kori Idi Amin daga mulkin Uganda a 1979, ban kuma ji wanda ya yi kukan tafiyarsa ba.

Ɗalibar Shari'a, Gumel:
Yaya, Idi Amin ne ya fara tura sojojinsa yankin Kagera na Tanzaniya a 1978, saboda haka wancan ramuwa ce, ba riga kai hari ba.

Baffan Maigatari:
Ni ban yi karatun da kuka yi ba, amma akwai karin maganar da nake ganin ta fi dacewa da wannan batu: tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. An ci Bagadaza cikin mako uku, aka rusa rundunar sojan ƙasar, aka sallami dubban masu bindiga ba aiki ba albashi, aka rataye Saddam a ƙarshen 2006 a lokacin Babbar Sallah, sai ga shi a 2014 'yan ISIS sun ƙwace Mosul. A Libiya ma an kashe Gaddafi a 2011, makamansa suka watsu cikin Sahara har suka kai Mali, mu da muke bakin iyaka kuwa ba labari aka ba mu a kan yadda bindiga ta yi arha ba. Na kuma tuna da halin da muka shiga a watan Agustan 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar tura soja Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. An rufe iyaka, kasuwar dabbobinmu ta ranar Alhamis ta yi sanyi, kowa a cikinmu yana da 'ya ko ƙanwa da take aure a ƙetaren iyaka. A lokacin ma mun ji masu cewa rigakafi ya fi magani, wai idan ba a hukunta sojojin Yamai ba juyin mulki zai yaɗu. Waɗanda suke faɗar haka ba su ne za su kwana da ƙarar bindiga ba. Allah ya saka wa malamai da sarakunan da suka tashi suka je Yamai, da 'yan Majalisar Dattawa da suka ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja.

Malamin Ƙauye, Ringim:
Na gode, Baffa, na gode Malama. Abin da ya fi kama hankalina shi ne bambancin mai ɗana kibiya da wanda ake tsoron zai sayi baka, domin a kan na farkon kaɗai zan iya yarda a ambaci rigakafi, shi ma da sharaɗin kowa ya ga kibiyar, ba mai son yaƙin ne kaɗai ya ce ya gani ba. Ɗan Bichi, ban raina damuwarka ba, kuma maganar Halabja ba ta barin mai imani ya yi barci da daɗi. Amma ka duba shekarun da ka lissafa da kanka: a 1988 da aka zuba gubar, manyan ƙasashen ba su ɗaga yatsa ba, saboda a lokacin Saddam yana yaƙi da Iran ne, sai daga baya da suka ɓata da shi aka tuna da Kurdawan. Yau da daddare zan kai wa yaron nan wannan bayani a dandali, in ji abin da zai ce.

Ɗan Bichi:
Allah ya gafarta Malam, idan ka je ka tambayar mini shi, kai ma ka ba ni amsa: idan an hana yaƙi, takunkumi kuma talaka yake kashewa kamar yadda aka gani a Iraƙi bayan 1990, me ya rage a yi wa azzalumin da yake kashe mutanensa?