Shawarwarin malaman sayans kan koyar da 'yan sakandare

Yawancin malaman da suka tofa albarkacin bakinsu sun ce kar a jira sai WAEC ko NECO ta ƙarato sannan a fara firaktikal. Kemistiri ma ba sai da lab ba, a jiƙa zoɓo a tace, a matsa lemon tsami a kofi ɗaya ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa a ɗayan ya koma kore-kore, shikenan yaro ya gane asid da alkali, ni dai wannan ta fi burge ni gaskiya. Bayoloji kuwa a duba fatar albasa a madubin likita, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa. Fiziks a ɗaure dutse da zare yara su auna lokacin da lilo 20 ke ɗauka da agogon waya, su riƙa sauya tsawon zaren, lambobin su zuba a manhajar lissafi ta Excel su zana giraf da kansu.