Me ya sa wasu suka ɓoye Yahudawa, wasu kuma suka kulle ƙofa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata sakandare, zangon nan mun iso Yaƙin Duniya na Biyu. Na ba ɗalibai labarin kamen da aka yi a Paris ranakun 16 da 17 ga Yulin 1942, inda aka kwashe Yahudawa sama da 13,000, ciki har da yara fiye da 4,000. Kuma 'yan sandan Faransa ne suka bi gida-gida, ba sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar ba. Sai wata yarinya ta ce, "Malam, to maƙwabta fa, ba su ji kukan yaran ba?" Na ce mata tsoro ne, amma ni kaina amsar ba ta kwanta min ba. Tsoron nan ai kowa ya ji shi, me ya sa wasu suka buɗe ƙofa? Don Allah kar a kai mu Gaza, wannan zance ne na wata rana.

Ɗan Zazzau:
Malam, tsoron gaskiya ne a wasu wurare. A Poland hukuncin ɓoye Bayahude kisa ne. A ƙauyen Markowa, ranar 24 ga Maris 1944, an harbe Józef Ulma da matarsa Wiktoria tana da tsohon ciki, da 'ya'yansu shida, da Yahudawa takwas da ke gidansu. Wanda ya ji wannan ya ja bakinsa ya yi shiru, ni ba zan zage shi ba. Amma a Holland hukuncin bai kai haka tsanani ba, duk da haka kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar sun halaka, har akwai masu farautarsu suna karɓar ladan gilda (kuɗin ƙasar a lokacin) bakwai da rabi kan kowane mutum. A Hamburg ta Jamus kuwa gwanjon kayan ɗakin Yahudawa aka riƙa yi, mutanen gari suna taya gado da kujeru. Wani shirun ba na tsoro ba ne, na mai ci ne da baki cike.

Hajiya Babba:
Ƙanina Malam, ka ba yarinyar nan labarin Zejneba Hardaga ta Sarajevo, a Bosniya. Musulma ce mai lulluɓi. A Afrilun 1941 bom ya rushe gidan Josef Kabiljo, Bayahude abokin mijinta Mustafa, sai suka ce ya kwaso iyalinsa su dawo gidansu. Ofishin Gestapo, 'yan sandan sirrin Jamus, na nan kusa da su, ga sanarwa manne a bango cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude a bakin ransa. Matan gidan ma suka daina rufe fuska a gaban Josef, wai ai ya zama ɗan gida. Da aka kama shi, aka sa musu sarƙa suna kwashe ƙanƙara a titi, ita ce ke kai masa abinci har da sauran fursunoni. Mahaifinta Ahmed Sadik shi ma ya ɓoye wasu, shi kam bai tsira ba, a sansanin Jasenovac aka kashe shi. A 1994, da yaƙi ya ci Sarajevo, zuriyar Kabiljo na cikin waɗanda suka yi tsaye aka fito da ita da iyalinta. Ni abin da na lura, mutanen nan ba su tashi da niyyar zama jarumai ba. Wanda suka sani ne ya tsaya a gabansu ba shi da wurin kwana, kunya ta hana su cewa a'a.

'Yar Damagaram:
Hajiya, da girmanki, sanayya kaɗai ba ta isa ba. Su ma na Paris ai sun san maƙwabtansu. Ɓoye mutum ɗaya sai da katin rabon abinci, da takardun bogi, da likita in ya kwanta, da unguwar da ba mai kai tsegumi. Shi ya sa abin ya yiwu a Denmark: a Oktoban 1943 aka tsallakar da sama da mutum 7,000 zuwa Sweden cikin jiragen masunta, don 'yan sanda da asibitoci da limaman coci duk bakinsu ɗaya. Kuma masunta da yawa sun karɓi kuɗin fito, ba waliyyai ba ne.

Malamin Tarihi:
Na gode ƙwarai. 'Yar Damagaram, ban yarda da ke gaba ɗaya ba, don su Ulma ba wanda ya rufa musu asiri, kai ƙararsu ma aka yi, kuma sun riƙe mutanen nan fiye da shekara. Ranar Litinin zan kai wa ajin Markowa da Denmark tare, su yi musun da kansu.